Hujin Lado

Akwatin kwano ɗaya, madubin ƙara girma, safar hannu ta auduga, ƙananan ambulan, da wasiƙar Goggo Sa'adiya. Iyakar abin da Shitu ya ɗauko daga Kano ke nan. Jirgin ƙasa ya wuce Abekuta yana jan jiki. Shitu ya tashi, ya zauna, ya sake buɗe wasiƙar.

"Cikin tarkacen marigayi maigidana akwai wani kwabo marar huji."

Tun yana karatu a Ingila yake tara tsofaffin kuɗi: anini, ɗari, taro, sisi. Kowane kwabon zamanin Turawa da hujinsa a tsakiya. Wanda inji ya tsallake bai huda ba kuwa, shekara bakwai yana nema, sai a hoto ya gani. Ga shi ana ta shelar naira, kowa na kwashe tsohon kuɗi zuwa banki. Ya riga ya aika mata amsa: kada a wanke, kada a kai canji.

A Agege bai tsaya neman ɗan dako ba. Ya ratsa layin mahauta da akwatin a kafaɗa, ya tarar da ita a zaure tana yayyafa wa goro ruwa.

"Bature, ko gaisuwa?"

Ya durƙusa ya gaishe ta a gurguje. "Goggo, kwabon fa?"

"Ka ce kar a wanke, ban wanke ba." Ta kwance wani zare daga ƙugunta, kwabbai shirye a jiki kamar tasbaha. "Ga shi nan, na uku. Na ma gyara maka shi."

Shitu ya sa safar hannu, ya riƙe shi ta gefe, ya ɗora madubi. Kambi da rubutun ajami duk raɗau, ko kusa bai goge ba. Sai wani huji sabo, ja, a karkace.

"Wa ya huda?"

"Lado maƙeri. Kwabon ya ƙi shiga zare, ina zan ajiye shi bai ɓata ba? Kwabo ba huji ai bebe ne."

"Rashin hujin na biyo tun daga Kano."

Goggo ta riƙe haɓa. "To, karkataccen huji ba kuskure ba ne? Ka ce wa masu tarawa 'yan'uwanka haka Turawan suka haife shi. Wa zai je ya tambayi Lado?"

Shitu ya ajiye madubin. Ya san wani ɗan Kwara mai sayen tsofaffin kuɗi a unguwar Marina da zai yi wawar wannan zance. Ɗan goga kaɗan, bakin hujin zai yi sumul. Ya juya kwabon, ya sake juyawa, ya kai bakin ƙofa ya dawo.

Ya zaro ambulan, ya rubuta: "Marar huji. Lado ya huda, Agege, 1972." Ya shiga ɗakin baƙi ya turo ƙofa.

"Ba za ni Marina ba, Goggo," ya ce daga ciki. "Da sunan Lado zan ajiye shi."