Mutanen da ke Cikin Akwatin Baba Sikiru

"Silifa, janye min rigar nan daga kafaɗa," in ji Baba Sikiru. "Bari Malama ta gani da idonta."

Mama Silifat ta ajiye kofin kunun da mijinta ya ƙi sha, ta zame masa rigar. Ummakulsum, da ke zaune a bakin ƙofar ɗakin da takarda a cinya, ta sunkuyar da kai. Ba kunya kaɗai ba ce. Wata biyu da suka wuce kafaɗar nan a cike take, yau kuwa fata ce kawai a kan ƙashi.

"Ɗago ki duba, ai ni ubanki ne. Kin ga allon kafaɗa? To, kalli." Ya ɗaga hannun a hankali yana cije leɓe. Ƙashin ya zame a ƙarƙashin fata, ya karkata waje. "Kin ga ya tafi? Ke kuwa in yaron da kika zana ya ɗaga hannu sai ki bar kafaɗar a inda take, kamar da gam aka manna masa hannun. Da can sai kin je kasuwar Kwari kin kalli 'yan dako. Yanzu ciwo ya sauƙaƙa miki, ga komai a fili."

Ya yi dariya, dariyar ta koma tari.

Ummakulsum malamar firamare ce, katanga ɗaya ta raba gidansu da na Baba Sikiru a Fagge. Bara ta rubuta ɗan littafin karatu na yara, ta zana hotunan da kanta, ta kai wa Tochukwu mai injin buga littattafai a Sabon Gari. Ya juya shafukan ya ce, "Madam, labarin ya ce yaran gudu suke. Waɗannan ai a tsaye suke, ƙafa ɗaya a sama." Shi ya ce ta nemi tsohon da ke layinsu.

A Fagge aka haifi Baba Sikiru, iyayensa 'yan kasuwa ne daga Ilori. Shekara arba'in ya yi yana zana allunan masu aski da teloli da jikin manyan motoci, kafin injin buga fasta ya zo ya kashe sana'ar. Bai shiga ajin zane ba ko na kwana ɗaya. Da wani yagaggen littafin ma'aikatan jinya ya koyi ƙasusuwa, sauran kuma a titi ya gani. Shi ya nuna mata cewa mai gudu faɗuwa yake yi gaba, ƙafa ce ke tare shi. Ya nuna mata yadda ƙugu da kafaɗa suke saɓawa, da yadda sharaɓa ke dunƙulewa in dunduniya ta bar ƙasa. Wata bakwai suna haka, yaranta sun fara lanƙwasa, amma ba su fara gudu ba tukuna, sai asibiti suka ce a mayar da shi gida a ci gaba da addu'a.

Ranar Asabar da hantsi Mama Silifat ta leƙo ta ce, "Malama, babanki na kira."

Ta tarar an jawo wani akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado. Sau ɗaya ta taɓa ganin cikinsa. Takardu ne, sun fi dubu: bayan kalanda, kwalin sabulu, takardar buhun siminti. A kansu 'yan dambe ne suna kai naushi, 'yan dako da dilar atamfa a ka, mata suna daka, wani mutum yana tsallake kwata da babbar riga a tattare.

"Ƙona su za ki yi min," in ji shi. "Silifa ta ce hannunta ba zai iya ba."

Ummakulsum ta dube shi, ta dubi Mama Silifat. Tsohuwar ta juya fuska bango.

"Baba, me ya yi zafi haka?"

"Kin san abin da aka ce game da masu zana mai rai. Tun ina saurayi nake ji, ina toshe kunne. Shekara arba'in ba abin da nake nema sai su motsa. Yanzu in na rufe ido sai in ga an jera min su, an ce, to, ga su nan, tashe su."

"Ai malamai sun yi saɓani, Baba. Akwai waɗanda suka ce in don koyarwa ne…"

"Malaman ba su za su kwanta a ramin ba, Malama. Ni ne."

A waje wani mai adaidaita sahu yana ta danna ham, yara suna yi masa ihu.

"To ba ni su in ajiye. Ba wanda zai gani."

"In suna hannunki ai suna nan."

"Bari in ɗauka a waya, ko guda goma."

"Ummakulsum." Bai taɓa kiran sunanta ba sai ranar. "Ki yi min alkawari."

Mama Silifat ta fara share hawaye da bakin gyale. Sannan Ummakulsum ta ce, "Na yi."

"Allah ya yi miki albarka. Ki kalle su zuwa la'asar. Abin da idonki ya ɗauka naki ne."

Ta fito da akwatin tsakar gida, ta zauna a gindin rijiya. Da farko ta ɗauki fensir tana kwaikwayo, sai ta ga guda ɗaya ya ci mata rabin sa'a, kuma nata a sandare yake kusa da nasa. Ta ajiye fensirin ta koma kallo kawai. Akwai wani ɗan dako da ya zana sau goma sha ɗaya a takarda guda, tun daga durƙusawa har miƙewa da kaya. Ta bi layin bayansa da yatsa, ta rufe ido, ta buɗe, ta sake rufewa. Da ta juya zuwa na gaba sai na baya ya dushe mata. Wayarta na cikin jaka a gefenta. Sau biyu hannunta ya kai kan zif ɗin.

Aka kira la'asar ba ta kai rabi ba.

Mama Silifat ta kawo rabin duron da take ƙona shara. Baba ya sa aka ɗage labule don ya gani daga kan gado. Ummakulsum ta ƙyasta ashana. Takardar siminti ba ta ci da sauri, sai ta naɗe tukuna, mutumin da ke kanta ya tanƙware, sannan ta yi baƙi. Maƙwabciya ta ɗago murya ta bayan katanga, "Mama, lafiya hayaƙi haka?"

"Shara ce," in ji Mama Silifat.

Da aka gama Ummakulsum ta shiga ɗakin, idonta jawur. Ta zaci za ta same shi hankali kwance.

"Sun ƙare, Baba."

"Duka?"

"Duka."

Ya daɗe yana kallon silin. "Waɗanda na yi a jikin motoci fa?" ya ce. "Wa ya san inda suke?"



Ranar Talata, tana cikin aji tana koyar da lissafi, wayarta ta yi ƙara. Kafin ta iso an shimfiɗa tabarmi a layi. Bayan azahar aka kai Baba makwancinsa.

Ranar sadakar uku, da mata suka ragu, Mama Silifat ta riƙo hannunta. "Akwai ɗaya da ya manta, ni kuma ban tuna masa ba. A Sabon Gari, bangon wani ɗakin motsa jiki na wani Ikechukwu. Mutum ne yana gudu, ya fi ƙofa tsawo. Shekarar da muka yi aure ya yi shi. Allah ya yafe min, ban so a taɓa shi ba."

Washegari da aka tashi daga makaranta Ummakulsum ta hau adaidaita. Sai da ta tambayi mutum huɗu kafin wani mai faci ya nuna mata wurin. Shagon sayar da janareta ne yanzu. Bangon shuɗi ne tun daga sama har ƙasa, da lambar waya da manyan baƙaƙe.

"Hajiya, wane iri kike so?" in ji mai shagon.

"Akwai wani zane a nan da."

"Mu haka muka kama wurin. Sau biyu ma muka sake fenti."

Ya koma wajen wani mai ciniki. Ta matsa kusa da bangon. Rana ta karkata, haskenta na bin simintin a kaikaice. Can ƙasa, daidai gwiwarta, tsohon fentin ya ɗan fi sabon kauri, sai ga wani tudu siriri ya lanƙwasa: dunduniya a ɗage, da yatsu biyu suna taɓa ƙasa. Daga idon sawu zuwa sama babu komai.

Ta tsuguna a bakin kwata da jakar makaranta a cinya. Wani ya tayar da janareta don gwaji, hayaƙin ya bi ta gefenta. Tana nan a tsugune har inuwar benen da ke tsallaken titi ta hau bangon, ya koma shuɗi sumul.