Zuciyar Shagufta a Dama

Rafaqat, mai ɗaukar hoton X-ray a asibitin gundumarsu a Punjab, ya ɗaga hoton ƙirjin wata yarinya, Shagufta, ga fitila. Ga zuciya a dama. Makon jiya ma ya liƙa alamar hagu a gefen da ba nata ba, Dakta Nighat ta wanke shi tas gaban masu jinya, ta ce in ya ƙara ya nemi wani aikin. Wanda maciji ya sara kuwa, ko tsumma ya gani sai ya zabura. Bai yi wata-wata ba ya kifa hoton, ya kankare alamar, ya rubuta sabuwa. Zuciya ta koma hagu kamar ta kowa.

Dakta ta duba hoton, ta danna cikin Shagufta. Ciwon yana hagu, ƙasan cibiya.

"Ba ciwon afendis ba ne, shi a dama yake," ta ce wa kakar yarinyar. "Ga magani, ku tafi gida."

Bayan azahar Rafaqat yana shan shayi a bakin ƙofa ya tarar da su suna jiran mota. Yarinyar ta dunƙule tana nishi, kakar tana tofa mata addu'a, tafin hannunta a damar ƙirjin.

"Iya, ai zuciya ta can take," ya ce, yana nuna hagu.

"Kai ɗan nan, ni za ka koya wa jikata? Tun tana cikin tsumma a nan nake jin bugunta. Gadon gida ne, iyayenta 'ya'yan wa da ƙani ne. Haka baffanta marigayi yake."

"Me ya kashe shi?"

"Ciwon ciki. Kwana uku."

Tsoro ya kama shi, na aikinsa da na ran yarinyar, kuma abin kunya, sai da ya tsaya ya auna su. Sannan ya ajiye kofin ya ruga ciki.

"Dakta, hoton nan ni na juya shi. Daidai na ɗauka, na zaci kuskure ne."

Ta kafe shi da ido. "Ka san abin da ka yi? Tun tana ɗan tayi kayan cikinta suka zauna a juye. In zuciya na dama, afendis na hagu! Awa nawa ke nan?"

"Uku."

"Maza a shigo da ita. Kai kuma zan neme ka."

Aka tura Shagufta ɗakin tiyata, idonta a rufe, leɓenta ya bushe. Ƙofa ta rufe. Tsohuwar ta laluba ta kama kan Rafaqat da hannu biyu, tana kuka.

"Allah ya yi maka albarka, ɗana. Duk asibitin nan kai kaɗai ka kula da ita."

Ya sunkuyar da kai, yana tuna awa ukun da ya ɓata wa yarinyar.