Taurin Kulocin Abdulnasir

Duk Birnin Kudu babu wanda bai san jar motar Abdulnasir ba. Ƙofa biyu gare ta, ta lafe a ƙasa kamar tabarma, ga ruri tun kafin ta shawo kwana. Shi ma'aikacin ƙaramar hukuma ne, haifaffen Gwaram, mutum mai sanyin hali, amma da ya zauna a bayan sitiyari sai ka ce an canza shi. Motar tsere ce tsohuwa ya sayo ta hannu, ya kuma yi mata abin da babu mai hankalin da zai yi. Ya cire sifirin ɗin da ke taimaka wa ƙafa wajen danna kuloci, wai so yake ya riƙa jin inda take kamawa a tafin ƙafarsa. Kulocin ya yi tauri, kai, sai wanda ya taka.

Matarsa Ummussalma malamar makaranta ce, kuma ta iya tuƙi sarai, amma wannan mota ta gagare ta. "Baban Jannat," takan ce, "wannan tuƙi ne ko daka?" Sai ya yi dariya ya ce raguwar ƙafa gare ta.

Zazzaɓin kwanaki kaɗan ne ya ɗauke shi, ana farkon damina. Ummussalma ta yi takaba motar tana lulluɓe a gindin darbejiya, kaji suna kwana a ƙarƙashinta. In 'yarsu Jannat ta tafi Islamiyya, gida ya yi shiru, sai ta ɗage tamfol ta shiga ta zauna. Ba ta tayar da injin. Kulocin kawai take dannawa, shi kuma ya turo ƙafarta da ƙarfi, kamar mai gardama. Wallahi duk gidan babu abin da ya rage mai yi mata musu irin nasa sai wannan ƙarfe, shi ya sa take son sa. Kewa ce ke cin ta, ba ta da wanda za ta gaya wa.

Bayan ta fita takaba, Alhaji Aminullahi, yayan marigayin, ya zo daga Gwaram. Ba mugu ba ne, mutum ne dai da ba ya son ganin abu yana lalacewa. Ya zagaya motar, ya taɓa taya da ƙafa.

"Maman Jannat, mota a ajiye gawa ce. A rabon marainiya ta faɗa, kuma ni ne waliyyinta, ba zan zuba ido ta ruɓe ba. Akwai wani ɗan Kano da yake ta nacin ta. In za ki iya morar ta, ki riƙa kai yarinya makaranta, to. Ranar kasuwa mai zuwa ki tuƙo ta da kanki har Gwaram ki kawo wa Inna jikarta, in gani. In kuwa ba za ta tuƙu ba, a rabu da ita."

"To, Yaya Alhaji," ta ce.

Washegari ta gwada. Ina! Kafin ta fita layinsu ƙafar hagu ta fara rawa, a bakin titi mota ta yi tsalle ta mutu, ta tayar, ta sake mutuwa. 'Yan acaɓa suka samu abin kallo, wani har da cewa, "Hajiya, a turo ne?" Ta koma gida ta jiƙe sharkaf da gumi, cinyarta na zugi, ta ɗauki waya ta kira Ɗan'auta.

Ɗan'auta ƙanen Abdulnasir ne, uwa ɗaya uba ɗaya, magidanci mai garejinsa a Gwaram, kuma abokin wasanta tun tana amarya. Ya iso da hantsi a kan babur, da buhun sufanu a baya.

"Matar Yaya, ashe ƙarfe ya kayar da malama?"

"Auta, ka kiyaye ni. Gyara nake so, ba surutu ba. Ka mayar mini da shi yadda ƙafar mace za ta iya."

Ya leƙa ƙarƙashin sitiyari, ya girgiza kai. "Allah ya jiƙan Yaya, shi dai komai sai ya sha wuya yake jin daɗinsa." Ya sa sabon sifirin, ya shafa giris, ya sassauto sandar feda daidai tsawon ƙafarta. Ya buɗe bonet ya ga masta, wato ɗan famfon da ke tura mai zuwa kuloci, ta cinye tana yoyo. Ya ciro ta ya jefa cikin buhunsa na tsoffin ƙarafa, ya ɗaura sabuwa.

Saura fitar da iska, aikin da mutum ɗaya ba ya yin sa. Dole wani ya zauna yana taka feda, wani ya kwanta a ƙasa yana buɗe ɗan noti yana rufewa. Ɗan'auta ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashin mota, sai ƙafafunsa kawai a waje.

"Buga! Buga! Riƙe!"

Ummussalma ta kasa kunne. Ba ta taɓa lura ba, domin kullum da fuskarsa take jin maganarsa. Yanzu da babu fuska, muryar da ke fitowa daga ƙarƙashin motar ta Abdulnasir ce sak, har da 'yar shaƙewar nan. Haka marigayin yakan sa ta wannan aiki ranar Asabar, tana mita, yana kwance yana ba ta umarni.

"Riƙe fa, kada ki saki! To, saki. Ya kama?"

Ya kama tun ɗazu. Ta ji shi a ƙafarta.

"Da saura," ta ce.

"Buga! Riƙe!"

Ta buga, ta riƙe, hawaye na sauka a kan hijabinta. Ya sake tambaya, ta sake cewa da saura. Sai da man birkin da ya zo da shi don zuba wa masta ya kusa ƙarewa ya turo kansa waje, baki buɗe zai yi tsiya. Ya ga fuskarta, ya rufe bakin. Ya tattara sufanunsa a hankali, ko ruwan da ta kawo masa bai sha ba.

Ranar kasuwa ta sa Jannat a gefe, ta yi bismilla. Kuloci ya shige kamar ta taka auduga. Giya ta ɗaya, ta biyu, ta uku, babu tsalle babu mutuwa. Suka bar duwatsun Birnin Kudu a baya, dawa ta yi kai a dama da hagu, ga masu riɗi suna ɗaure dami. Ta wuce motocin haya cike da 'yan kasuwa, ta bi ayarin shanu a hankali har suka tsallaka, mota ko tari ba ta yi ba. Jannat sai tafi take, tana cewa Umma ta fi Abba iyawa.

Ita kuwa Ummussalma, duk canjin giya sai ƙafarta ta tafi da ƙarfi tana neman abin da zai tare ta, ta tarar babu kowa. Mota ce lafiyayya, mai biyayya, irin wadda kowa zai iya shiga ya ja. Tun kafin su kai rabin hanya ta san abin da ta yi, kuma da bakinta ta sa aka yi.

A ƙofar gidan Inna ta tsaya cak. Alhaji Aminullahi ya taso daga kan tabarma yana murmushi.

"Masha Allah! Magana ta ƙare, Maman Jannat. Mota ta zauna."

Mata suka leƙo daga soro ana ta barka, Jannat ta ruga wurin kakarta. Ummussalma ba ta fito ba. Ta hango Ɗan'auta a bakin soro ta yafito shi, ya sunkuyo ta taga.

"Auta, in na ce ka mayar da kulocin yadda yake a da fa?"

Ya dubi fedar da ke ƙarƙashin ƙafarta.

"Sifirin zan iya cirewa yanzu-yanzu. Amma tsohuwar mastar, 'yan gwangwan masu sayen tsoffin ƙarafa sun tafi da ita tun shekaranjiya, kuma saitin sandar marigayi kaɗai ya san inda ya ajiye shi. Zai yi tauri, matar Yaya, amma ba irin nasa ba."

Ta gyaɗa kai. Ta kashe injin, ta zare makulli, ta gyara hijabinta, domin Inna tana ciki tana jira a gaishe ta.