Kwana Uku a Filey

Tun farkon watan Mayu Glenys ta baje takardu a teburin kicin tana tsara kwana ukun da za su yi a Filey, wani ƙaramin gari na bakin teku. Shekara ashirin da biyu ke nan suna zuwa ita da mijinta Malcolm, kullum mako na biyu na Yuni, masauki ɗaya, ɗaki ɗaya. Duk da haka sai ta zauna ta tsara, kamar mai shirin zuwa garin da ba ta taɓa gani ba. Talata a taka duwatsun bakin teku idan ruwa ya janye. Laraba a je Bempton kallon tsuntsaye. Alhamis kifi da soyayyen dankali a kan benci, ko ana ruwa ko ba a yi.

"Wa zai hau duwatsu da wannan gwiwar taki?" in ji Malcolm daga bayan jarida.

"Noreen za ta riƙe ni. Kai dai ka ji da tumbinka."

Gaskiyar magana, Noreen ce dalilin tafiyar, teku rakiya kawai yake yi. Ita da mijinta Desmond su ma a makon nan suke sauka, teburinsu na karin kumallo yana maƙwabtaka da na su Glenys. Shekara huɗu aka yi ana gaisawa da ɗaga kai kafin hira ta wuce zancen sanyi da ruwan sama. Daga nan kuwa sai Allah ya haɗa jininsu. Lokacin da aka cire wa Glenys ƙari a nono, Noreen ce mutum na farko da ta gaya wa, 'yar cikinta ma sai daga baya ta ji.

Amma lambar waya, ko adireshi, ko sunan dangi? Ko ɗaya ba ta da shi. Haka mutanenmu Turawa suke, abin har haushi yake ba ni. Mutum zai zazzage maka cikinsa tas, amma tambayar inda kake zaune ta zama shisshigi. A shekarun farko Glenys ta ga tambayar ta yi wuri, daga baya kuma ta ga ta yi latti har ta zama abin kunya. Ranar komawa gida kowa ya kama ɗakinsa na shekara mai zuwa wajen Misis Cappleman mai masaukin, a rungumi juna a bakin mota, a ce sai baɗi.

Da ta gama tsarin, ta buga waya masaukin don ta tabbatar da ɗakinsu. Muryar namiji ta ji.

"Ai Misis Cappleman ta sayar da wurin tun Janairu, Madam. Ta koma wajen ɗanta. Ni ne Gareth, sabon mai gidan. Ɗakinku yana nan, lamba shida."

"To, madalla. Su Noreen da Desmond fa, suna nan tafe?"

"Mene ne sunan danginsu?"

Glenys ta juya ta dubi mijinta. Malcolm ya sauke jarida yana kallonta.

"Daga wajen Rotherham suke," in ji ta. "Ko Doncaster. Mijin dogo ne, ba ya cin tumatir."

Ta ji yana danne-danne a kwamfuta. Can ya ce akwai wata Noreen da ta soke ɗakinta na wannan makon tun watan Maris, ba ta faɗi dalili ba.

Tsoro ne ya kama Glenys sosai, don ta san in wannan mutumin ya ajiye waya, shi ke nan ita da Noreen har abada.

"Ba ni lambarta."

"Ba zan iya ba, Madam, doka ta hana."

"Yaro, tun kana makarantar firamare nake cin ƙwai a gidan nan."

"Na yarda, Madam. Amma kin ga ko sunan danginta ba ki sani ba."

Maganar ta yi mata zafi, don ba ƙarya ya yi ba. Ta sassauta murya ta roƙe shi, ita da ba ta iya roƙo ba. Daga ƙarshe ya yarda zai kira matar da kansa ya ba ta lambar Glenys, in ta ga dama ta kira, in ba ta ga dama ba ruwanta.

Ranar ba a yi abincin rana ba. Malcolm ya haɗa shayi sau uku, duk ya huce a kofi.

"Wataƙila Sifen suka tafi," in ji shi. "Desmond ya daɗe yana mitar sanyi."

"Da ta bar mini saƙo."

"A ina za ta bar miki shi, ke ma?"

Wajen ƙarfe huɗu wayar ta yi ƙara. Glenys ta ɗauka tun kafin ta yi na biyu.

"Glenys? Ni ce." Muryar Noreen ce, sai dai ta ƙanƙance. "Desmond ya rasu a Fabrairu. Zuciya. Yana ɗaure igiyar takalmi zai fita sayo madara."

Glenys ta laluba kujera ta zauna. Ta yi mata ta'aziyya da kalmomin da kowa yake yi, ta ji duk sun yi kaɗan.

"Ba zan iya shiga ɗakin cin abincin nan ni kaɗai ba," in ji Noreen, "shi ya sa na soke. Amma kada ki ce na manta da ke. Kwana biyu da binne shi na rubuta miki wasiƙa, shafi huɗu. Na sa a ambulan, na manna kan sarki, na rubuta Glenys. Daga nan na zauna da biro a hannu. Tana nan a kan firji har yanzu."

"Tashi ki ɗauko biron," in ji Glenys.

Ta jira har ta ji motsin dawowarta, sannan ta fara karanto mata lambar gida da sunan layi, a hankali, tana maimaitawa.