Maman Chinatsu Ta Hau Hasumiya

Shekara talatin da takwas Fumie Kuwabara tana soya takoyaki, wato ƙosan dorinar ruwa, a gindin hasumiyar unguwarsu a Osaka, kuma duk baƙon da ya sayi ƙosanta sai ta tura shi sama. Ta ce ya hau ya ga tsohuwar fadar gari da koren rufinta, ya ga teku, ya ga ƙaton lilon bakin ruwa. Tana lissafo su tiryan-tiryan kamar ita ta gina su.

Ita kuwa ko sau ɗaya ba ta taɓa hawa ba. Tsanin ɗauko gari a shago ma sai mijinta Tatsuo ya riƙe mata.

To sai ga Madam Onodera, uwar Naoki saurayin 'yarta Chinatsu, ta taso tun daga Akita ganin dangin amarya. Mace ce mai ƙarancin magana, ga ta tsaf-tsaf. Fumie kuwa, da bakinta da ba ya hutawa, ta yi ta zuba mata labarin hasumiya, har baƙuwar ta rusuna ta ce za ta so a raka ta. Fumie ta shiga lissafi a ranta. In surukar nan ta gano maƙaryaciya ce, da wane ido za ta dubi Chinatsu? Tatsuo ya sunkuyar da kai yana juya ƙosai, kafaɗunsa na rawa don dariya.

Tun a cikin lifta Fumie ta runtse ido. Da ƙofa ta buɗe ta ja ƙafa taku biyar, ta miƙa hannu, ta fara karatun da ta haddace: ga fada can, ga teku nan, ga gadar da ake ɗaukar hoto. Baƙuwar na ta yabawa, wai kai, rufin nan ya yi kyau, wai ba ta taɓa ganin teku mai shuɗi haka ba.

Sai Fumie ta ji ana matse mata hannun riga har yana neman yagewa. Ta ɗan buɗe ido ɗaya. Ashe bangon da ke kusa da makewayi take nunawa. Madam Onodera kuwa idanunta a rufe gam, zufa na bin wuyanta.

"Maman Naoki, wane teku kika gani?"

"Ki yi haƙuri, Maman Chinatsu. Ni ko benen gidanmu ba na leƙawa. Na ga kina son wurin ne, na ji kunyar ƙi."

Fumie ta yi dariya har da hawaye, ta faɗa mata gaskiyar shekara talatin da takwas. Ta lalubo alewa biyu a jakarta, kowa ta jefa ɗaya a baki, suka riƙe hannu suka matsa bakin gilashi kamar masu tsallaka rafi.

Fadar na nan, tekun ma na nan, ba ta yi wa kowa ƙarya ba. Amma abin da ya fi kusa, ya fi fitowa ƙarara, rufin shagonta ne, da dogayen wandunan ciki na Tatsuo guda huɗu suna kaɗawa a igiya.

"Wancan gidan wa ne?" in ji Madam Onodera.

"Gidan surukanki ne," in ji Fumie. "Duk wanda na turo nan ya gani."