Ɗan Dakon Cikin Kwamfuta

Wata huɗu Injiniya ya yi yana koya wa wani mutumin cikin kwamfuta tafiya. Ba zana masa taku ya yi ba. Nauyi ya ba shi, da gaɓoɓi, da ƙarfin tsoka, ya bar ƙasa tana jan sa kamar kowa, in ya yi sake ya faɗi. Wasan kwamfuta ne na haye gada da buhu a ka, awon jikin kuwa na mahaifinsa ne, tsohon ɗan dako.

Ran Litinin ya tarar da abokan aiki sun yi dafifi a teburinsa suna ƙyaƙyata dariya. Manaja ya sa an ƙara maɓalli. Da ka danna sai a hankaɗe ɗan dakon, ya yi taga-taga, buhu ya yi gabas, shi ya yi yamma.

"Wa ya taɓa min aiki?"

"Ni ne," in ji Manaja. "Abin da masu wasa ke so ke nan."

"Ubana ne fa wannan!"

"Ubanka yana gida, malam. Wannan lissafi ne."

Injiniya ya naɗe kwamfutarsa ya fice. In tsohon ya ce bai yarda ba, dole a cire maɓallin.

A tsakar gida ya same shi yana gyaran takalmi, ya nuna masa wasan. Tsohon ya kalla sau uku, fuskarsa ta murtuke.

"Wa ya yi wannan ɗanyen aikin?"

"Manaja ne, Baba. Ka ce a cire kawai."

"Ba turewar nake nufi ba, sakarai! Shekara talatin ana bangazata a hanya, wa na kai ƙara? Amma yaushe ka ga na saki kayan mutane? Gwiwa ake bai wa ƙasa, hannu na kan kaya. Wannan ragon naka kansa yake karewa, kuma ka ce wa duniya ni ne!"

Injiniya ya sake kallon kwamfutar. Shi da hannunsa ya rubuta cewa in mutumin zai faɗi, ya saki komai ya kare fuska.

Tsohon ya miƙe, ya ɗora buhun gawayi a ka, ya gyara tsayuwa.

"Kunna abin ɗaukar hoton naka. Ture ni."

"Haba Baba..."

"Ture ni, na ce!"

Injiniya ya kafa wayarsa a bakin taga, ya ɗan taɓa kafaɗarsa.

"Da ƙarfi, malalaci! Haka Manajan naka yake turi?"