Sakamakon Rijiyar Usaini Mai Feshi

"Ni fa ba inda za ni," in ji Zuliha. Ta gyara zama a ƙasa daidai ƙofar ɗakin gwaje-gwajen, ta miƙe ƙafafu yadda duk mai shiga sai ya tsallake ta. "Tun hantsi ake gara ni, wannan bene ya ce wancan, wancan ya ce wannan. Wanda ya ɗebi ruwanmu nake nema, ko shi ko mai gidansa."

Hambali, mai kula da ɗakin, ya tsaya a kanta riƙe da makullai. "Baba, nan ba wurin zama ba ne. Akwai sinadarai masu haɗari a ciki."

"To ai su na zo tambaya."

Daga wani ƙauye a bayan Kura ta taso da sassafe, ko koko ba ta sha ba, kuma saboda maƙwabcinta Usaini mai feshi ta zo. Katanga ɗaya ce tsakanin gidajensu, rijiya ɗaya suke sha, su da rabin unguwar. Shekara da shekaru Usaini yana goya tankin feshi a gonakin mutane, tumatir da rani, shinkafa da damina, ya dawo da yamma ya ɗauraye tankin a gindin rijiyar ya sheƙar da ruwan a ƙasa. Zuliha ta sha yi masa faɗa, ba don ta san wani abu ba, wari ne kawai yake hawa mata kai. Shi kuwa sai ya yi dariya ya ce, "Iya, ƙasa tana shanyewa."

Wani rani can baya sai ga wani ɗalibi mai suna Mudassiru da farar mota da ƴan kwalabe da kula cike da ƙanƙara. Ya ce daga jami'a yake, yana auna maganin feshi a ruwan rijiyoyin yankin. Usaini da kansa ya ja masa guga, Zuliha ta dama masa fura. Ya sha ya yi hamdala, ya ce da zarar sakamako ya fito zai dawo ya faɗa musu. Daga ranar ko ƙurar motarsa ba a sake gani ba.

Bana ƙafafun Usaini suka kumbura, fuska ta bi. A asibitin birni aka ce ƙoda ce, aka tambaye shi me yake sha, me yake taɓawa a wurin aiki, sannan aka sallamo shi gida. Wannan tambaya ita ta zauna masa a rai. Ciwon bai dame shi kamar tunanin cewa da hannunsa ya lalata ruwan da yaran unguwa suke sha ba. Duk wanda ya shigo dubiya sai ya riƙe masa hannu ya ce a yafe masa. Kowa ya ce ya yafe, sai Zuliha.

"In yafe me?" ta ce masa. "Ban san ka yi ba, kai ma ba ka san ka yi ba. An ɗebi ruwa an auna. Bari in je in karɓo maganar, in ka yi in yafe da hujja, in ba ka yi ba ka daina damun mutane."

Abin da ya zaunar da ita a ƙofar nan ke nan, har wata mace mai tabarau da farar rigar aiki ta fito ta tarar da ita. Hambali ya ce wannan ita ce Dakta Halimatu Sa'adiyya, ita ta duba aikin Mudassiru.

"Sannu Baba. Tashi mu shiga ofis."

"Ba sai kin ce sannu ba, ƴar nan. Ruwanmu lafiya ko ba lafiya?"

Dakta ta ja mata kujera, ta buɗe kwamfuta, ta yi ta danne-danne. Can fuskarta ta washe. "Ga shi. Aikin ya fita, har an wallafa shi. Duk wanda yake duniya zai iya buɗewa ya karanta."

"Duk duniya ban da mu. To karanta min."

Dakta ta juyo mata da fuskar kwamfutar, ta nuna wasu sanduna masu launi. Ta ce an sami maganin ƙwari a ruwan yankin, matsakaicinsa ya ɗan haura abin da ake so.

"Mene ne matsakaici?"

"An auna rijiyoyi da yawa, na wajenku da na Bunkure da na Madobi. Sai aka haɗa duka aka raba, aka fitar da lamba ɗaya."

Zuliha ta dube ta sama da ƙasa. "Wato kun juye ruwanmu da na Bunkure a tukunya ɗaya?"

"Ba ruwan ba, Baba, lambobin."

"Wa yake shan matsakaici? Ni rijiya ɗaya nake sha. Jikokina rijiya ɗaya suke sha. Ta gindin durumi, a ƙofar gidana da na Usaini. Ita nake tambaya."

Dakta ta cire tabarau ta murza ido. Ta ce kowace rijiya da tata lambar, tabbas an auna su ɗaya-ɗaya, amma waɗancan lambobin ba su shiga takardar da aka wallafa ba. Suna cikin kwamfutar da ke haɗe da na'urar awon. Ta ƙwala wa Hambali kira.

Hambali ya sosa ƙeya. "Wacce, tsohuwar? Ai an goge ta bara, Dakta. Cika ta yi, ta daina karɓar sabon aiki. An liƙa sanarwa kowa ya zo ya kwashe nasa."

"Wa ya kwashe na Mudassiru?"

"Ai lokacin ya gama ya tafi."

"An goge," Zuliha ta maimaita. "Kamar allo."

Dakta ta ɗauki waya ta nemo lamba, ta sa a bayyane ta ajiye a kan tebur. Da aka ɗauka, hayaniyar kasuwa ce ta fara shigowa, sannan muryar Mudassiru, yana ta gaisuwa da ladabi. Yanzu a Kaduna yake, yana aiki a wani kantin sayar da taki.

"Mudassiru, lambobin rijiyoyinka nake nema, na kowace ɗaya, ba wanda aka haɗa ba."

"Kai, Ma. Suna cikin laftof ɗina, kuma ta mutu tun ina bautar ƙasa. Mai gyara ya ce ba abin da zai fito."

"Ba ka ajiye a filas ba?"

"Na ajiye, Ma. Wani abokina ya ara zai buga aikinsa, sai ta kamu da bairos. Amma ai na turo miki ta wasaf lokacin."

Dakta ta ce wayar da ya turo a ciki ta faɗa ruwa, ta canza wata.

Zuliha tana bin su da ido, daga tebur zuwa Dakta, daga Dakta zuwa Hambali. Ba ta san laftof ba, ba ta san filas ba, amma ta gane abu ɗaya sarai: kowa a cikinsu ya ɗauka ɗan'uwansa ne yake riƙe da abin.

"Abin da na tuna dai, Ma," muryar ta ci gaba, "akwai rijiya ɗaya da ta yi sama sosai, ita ce ma ta ja matsakaicin. Sauran da sauƙi. Amma wallahi ban tuna ko ta wajen Kura ce ko ta Bunkure ba."

Zuliha ta fizgi wayar ta kai bakinta kamar za ta cije ta. "Kai Mudassiru! Ni ce tsohuwar da ta dama maka fura. Rijiyar gindin durumi. Mutumin da ya ja maka guga yana kwance yana jiran bakinka. Tamu ce ko ba tamu ba ce?"

"Innalillahi. Baba, rijiyoyin da yawa, kusan ko'ina akwai bishiya..."

"Furar ma ko'ina aka dama maka?"

"Baba, ki yi haƙuri. In na ce taku ce na yi ƙarya, in na ce ba taku ba ce na yi ƙarya."

Ta dangwarar da wayar. "To ku ba ni ruwana in kai wa wasu su auna."

Hambali ya kau da kai don kar ta ga bakinsa. Dakta ba ta yi dariya ba. Ta ce ruwan an zubar tun da daɗewa, ba ya ajiyuwa. Ta ce ta daɗe tana faɗa a taro cewa a yi wuri ɗaya inda kowane ɗalibi zai zuba abin da ya auna kafin a sallame shi, ana ta cewa za a yi. Ta ce ita da kanta za ta zo ta sake ɗiba.

"Yaushe?"

"Na'urar tana jiran gas. Da an kawo."

"Yaushe za a kawo?"

Dakta ta mayar da tabarau a idonta.

Zuliha ta miƙe, ta yafa mayafinta. "Kun zo har ƙofar gidanmu ba mu kira ku ba. Kun sami abin da kuke so, yaro ya sami takardarsa, ke kin sami sunanki a duniya. Abu ɗaya da yake namu a ciki, shi ne kuka rasa inda kuka ajiye. Allah yana gani, ƴar nan. Ni ban iya karatu ba, amma zan dawo, kuma a ƙofar nan zan zauna."

Da la'asar ta sauka a bakin titi, ta bi gefen kanal da ƙafa. Ruwa yana gudu a hankali, masu ban-ruwa suna buɗe wa fangalin albasa, can nesa wani yana tafe da tanki a baya yana feshi. Ba ta shiga gidanta ba, ta wuce na Usaini.

Yana kwance a rumfa a kan tabarma, an tokare masa baya da matashi. Matarsa Rekiya tana masa fifita. Ƙafafun sun yi sulɓi suna sheƙi, numfashinsa yana fita da ƙyar. Da ya ga Zuliha sai ya yunƙura.

"Iya, kin dawo. Me suka ce?"

A mota ta yi ta saƙa yadda za ta ce masa ruwa lafiya lau, ya huta. Rekiya ma ta ɗago tana mata wani irin kallo na roƙo. Amma bakin Zuliha bai saba ba, kuma in ta ce lafiya lau, gobe da wane ido za ta hana jikokinta sha, ko ta bar su?

"Sun ɓatar," ta ce.

"Sun ɓatar da me?"

"Da lambar rijiyarmu. Ta wannan ta mutu, ta waccan ta faɗa ruwa, ɗayar sun goge da hannunsu. Likitar tasu wai za ta zo ta sake ɗiba, ba ta sa rana ba. Sun ce a duk yankin nan rijiya ɗaya ce ta lalace sosai, ba su san wacce ba."

Usaini ya lumshe ido. "Ɗaya."

"Ɗaya cikin masu yawa. Kai kaɗai ne mai feshi daga nan har Madobi? Kowane gari da irinka, masu taurin kai."

Ya ɗan murmusa. "Amma ana iya cewa tamu ce."

"Ana iya cewa ba tamu ba ce."

"To Iya, yanzu ki yafe min."

Ta zauna a bakin tabarmar, gwiwoyinta suna ƙara. Haushi ya cika ta, ta rasa na wa ya fi, na masu farar riga ko na wannan da ya ƙi jin magana tun yana da ƙarfinsa.

"Nawa na yafe, ko ka yi ko ba ka yi ba. Ka ji? Na yafe duniya da lahira. Su kuwa ban yafe musu ba."

"Na yaran fa?"

Zuliha ta karɓi mafici daga hannun Rekiya ta ci gaba da yi masa fifita, da ƙarfi fiye da yadda ake bukata.

Washegari da hantsi, tana tsakar gida tana tsince shinkafa, ta ji salatin Rekiya ta kan katanga. Ta ajiye faifan ta shiga, ta tarar Usaini ya cika. Rekiya ta ce har ƙarshe maganarsa ɗaya ce, in likitar ruwan ta zo a nuna mata inda yake zubar da ɗauraya, kar a ɓoye mata. Kafin azahar maza sun kai shi sun dawo.

Mata suka cika gidan, har rumfar da ya kwanta. Rana ta take, zafi ya sauko, masu zuwa daga ƙauyukan gefe suna shigowa da ƙishi. Wata daga dangin Rekiya ta fita da bokiti, aka ji ƙarar guga, ta dawo ta cika randa. Aka fara zagayawa da ruwa. Zuliha tana kallon kowace mace tana kafa kai tana sha, tana kallon wata tana ɗura wa goyonta da tafin hannu. Ba ta da bakin cewa a sha, ba ta da na cewa kar a sha.

Da aka zo kanta aka miƙo mata moɗa. Ruwan garai-garai, da sanyinsa. Ta karɓa da hannu biyu ta ɗora a cinya, ta zauna tana dubansa har ya daina motsi.